Tarihin Patrick O'Connell, kociyan da ya riƙe Barcelona a lokacin yaƙi

A ranar 27 ga watan Fabrairun shekarar 1959 ne wani dattijo ɗan ƙasar Ireland ya mutu a birnin Landan yana da shekaru 71 da haihuwa. Bai bar dukiya ba, kuma an binne shi ne a wani kabari da ba a rubuta sunansa a kai ba.

Wannan dattijo shi ne Patrick O'Connell, ɗan Ireland na farko da ya zama kyaftin ɗin Manchester United, kuma kociya ɗaya tilo da ya taɓa lashe gasar La Liga da ƙungiyar Real Betis.

Shi ne kuma mai horar da 'yan wasan Barcelona a lokacin da yaƙin basasar Spaniya ya kai ƙungiyar gargarar rushewa. 'Yan Spaniya suna kiransa Don Patricio, amma a ƙasar haihuwarsa an shafe fiye da shekaru 50 ba a tuna da shi ba.

Tasowarsa

An haifi Patrick Joseph O'Connell ranar 8 ga watan Maris na 1887 a birnin Dublin, a gidan talakawa mabiya ɗariƙar Katolika. A wancan lokaci tsibirin Ireland baki ɗayansa yana ƙarƙashin mulkin Birtaniya.

Ya tashi ne a unguwar Drumcondra, dab da filin da a yau ake kira Croke Park, cibiyar wasannin gargajiyar mutanen Ireland. Masu fafitikar neman 'yancin kai na kallon ƙwallon ƙafa a matsayin wasan Turawan Ingila, har ma hukumar wasannin gargajiyar ta haramta wa 'ya'yanta buga shi. Duk da haka wasan ya samu karɓuwa a unguwannin ma'aikata, kuma shi O'Connell ya zaɓa.

Bayan ya taka leda a ƙananan ƙungiyoyin Dublin irin su Liffey Wanderers, sai ya koma Belfast Celtic da ke arewacin tsibirin, ƙungiyar da akasarin magoya bayanta 'yan Katolika ne.

A tsarin wasan wancan zamani, ana tsayar da mutum biyu a baya, uku a tsakiya, biyar a gaba. O'Connell shi ne na tsakiyar waɗannan ukun, wanda ake dogara da shi wajen tare abokan karawa da kuma raba wa 'yan gaba ƙwallo. Matsayi ne da ke bukatar ƙarfi da kaifin tunani, kuma galibi daga nan ake samun jagoran ƙungiya.

A watan Maris na 1909, ƙungiyar Sheffield Wednesday ta Ingila ta saye shi tare da wani abokin wasansa, Peter Warren, a kan fam 50 su biyun. Bai samu gurbi na dindindin ba a can, don haka a 1912 ya koma Hull City da ke rukuni na biyu, inda ya fara buga wasa a kai a kai.

Kofin 1914

A watan Fabrairun 1912 ne ya fara buga wa Ireland wasa, ranar da Ingila ta lallasa su da ci 6 da 1 a Dublin. Ba wani abin mamaki ba ne a lokacin, domin tun da aka fara gasar ƙasashen Birtaniya huɗu a 1884, Ireland ba ta taɓa ɗaukar kofin ita kaɗai ba.

Shekarar 1914 ce ta sauya wannan labari. Ireland ta doke Wales da ci 2 da 1 a garin Wrexham, sannan ta bi Ingila har gida a Middlesbrough ta zura mata ƙwallaye uku ba ko ɗaya. Abin da ya rage mata shi ne ta kauce wa shan kaye a hannun Scotland a birnin Belfast.

An buga wasan ne ranar 14 ga watan Maris cikin ruwan sama da taɓo. Mai tsaron gidan Ireland, Fred McKee, ya ji rauni ya fita, kuma dokar wancan lokaci ba ta yarda a sauya ɗan wasa ba, don haka wani mai tsaron baya ne ya koma raga. Shi kansa O'Connell ya karye a hannu, amma ya ƙi barin fili.

Scotland ce ta fara cin ƙwallo, sai dai ana dab da tashi Sam Young ya farke wa Ireland, aka tashi kunnen doki, kofi ya zama nasu.

Muhimmancin wannan nasara ya wuce na wasa. 'Yan Katolika da 'yan Furotesta ne suka haɗu a tawagar, a daidai lokacin da ɓangarorin biyu ke tara makamai kan batun makomar tsibirin. Cikin shekaru kaɗan aka raba Ireland gida biyu, hukumar ƙwallon ƙafarta ma ta rabu a 1921.

Abin kunyar ranar Juma'a

A watan Mayun 1914 Manchester United ta biya fam 1,000 ta ɗauko O'Connell daga Hull, kuɗi masu yawa a wancan zamani, ta kuma ba shi kyaftin. Watanni uku bayan haka yaƙin duniya na ɗaya ya ɓarke.

An ci gaba da gasar duk da sukar da jama'a ke yi cewa bai dace majiya ƙarfi su riƙa buga ƙwallo ba alhali tsararrakinsu na mutuwa a fagen daga. Kafin ƙarshen kakar wasannin, 'yan wasa sun fahimci cewa za a dakatar da gasar, kuma albashinsu zai tsaya ba tare da sanin ranar dawowarsa ba.

A cikin wannan yanayi ne United ta karɓi baƙuncin Liverpool a filin Old Trafford ranar Juma'a 2 ga watan Afrilun 1915. United na fuskantar barazanar faɗawa rukuni na biyu, ita kuwa Liverpool ba ta neman kofi, ba ta kuma tsoron faɗuwa.

United ta yi nasara da ci biyu da nema, kuma George Anderson ne ya ci duka ƙwallayen. Amma 'yan kallo da alƙalin wasa sun lura da yadda 'yan Liverpool ke wasa kamar ba sa so. Da ɗan wasan gabansu Fred Pagnam ya buga ƙwallo ta daki sandar saman raga ana dab da tashi, wasu abokan wasansa sun yi masa ca a bainar jama'a.

Ana ci ɗaya da nema ne United ta samu bugun daga kai sai mai tsaron gida. Kyaftin O'Connell ya karɓi ƙwallon, ya doka ta ta wuce can nesa da raga.

Daga baya masu gidajen caca suka koka cewa an zuba kuɗi masu yawa a kan cewa za a tashi wasan biyu da nema. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila ta gudanar da bincike, kuma a watan Disambar 1915 ta haramta wa 'yan wasa bakwai na ƙungiyoyin biyu taka leda har abada, uku daga United, huɗu daga Liverpool. An bayyana Jackie Sheldon na Liverpool, wanda tsohon ɗan wasan United ne, a matsayin wanda ya kitsa shirin.

Sunan O'Connell ba ya cikin waɗanda aka hukunta, amma zargi bai rabu da shi ba saboda wannan bugun da ya ɓarar. Maki biyun da United ta samu a ranar su ne suka cece ta, domin ta ƙare a matsayi na 18 cikin ƙungiyoyi 20, da tazarar maki ɗaya tak a kan Chelsea.

Bayan yaƙin an yafe wa akasarin waɗanda aka hukunta saboda aikin soja da suka yi. Ɗaya daga cikinsu, Sandy Turnbull, an kashe shi a fagen daga a Faransa a 1917.

Barin gida

Yaƙin ya cinye shekarun ganiyar O'Connell. Da aka dawo wasa a 1919 yana da shekaru 32, kuma United ba ta da sauran bukatarsa. Ya yi kaka ɗaya a Dumbarton ta Scotland, sannan ya koma Ashington, wani garin masu haƙar kwal a arewa maso gabashin Ingila, garin da daga baya ya fitar da Bobby Charlton da ɗan'uwansa Jack.

A Ashington ne ya fara aikin horarwa, yana buga wasa yana kuma jagorantar ƙungiyar, a kakar farko da ta shiga rukuni na uku a 1921.

A 1922 ya tafi Spaniya, ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu a Manchester. Kamar yadda zuriyarsa ta bayyana daga baya, bai yi musu sallama ba, kuma sun san inda yake ne bayan da wasiƙu masu ɗauke da kuɗin Spaniya suka fara isowa daga garin Santander.

Santander da Oviedo

A wancan lokaci ƙungiyoyin Spaniya na rububin masu horarwa daga Birtaniya, domin daga can wasan ya zo musu. Wannan ne ya sa har yanzu 'yan wasan Spaniya ke kiran kociyansu Mista.

O'Connell ya gaji Bature Fred Pentland a ƙungiyar Racing Santander, inda ya shafe shekaru bakwai, ya kuma lashe gasar yankin Cantabria sau biyar. An san shi da tsananta motsa jiki da kuma tsara 'yan baya su riƙa matsawa gaba tare domin jefa abokan karawa cikin satar gida, dabarar da ta ƙara muhimmanci bayan da aka yi wa dokar satar gida kwaskwarima a 1925.

Da aka zo kafa gasar La Liga, an bai wa ƙungiyoyi tara gurbi kai tsaye, aka ce sauran su fafata domin neman gurbi na goma. Racing ce ta samu wannan gurbi, don haka tana cikin ƙungiyoyi goma da suka buga kakar farko a 1929. Ita ce ta zo ta ƙarshe a kakar, amma ta tsira bayan da ta yi galaba a kan Sevilla a wasan raba gardama.

Daga nan O'Connell ya yi shekaru biyu a Real Oviedo da ke rukuni na biyu, kafin ya nufi kudu.

Kofin da Betis ba ta sake gani ba

Betis ƙungiya ce ta birnin Sevilla a yankin Andalus, birnin da Larabawa ke kira Ishbiliya. Ta samo sunanta ne daga tsohon sunan da Rumawa ke kiran kogin da ya ratsa garin. Ita ce ƙungiyar da ɗan wasan Najeriya Finidi George ya buga wa wasa tsakanin 1996 da 2000.

Betis ta shigo rukuni na ɗaya a 1932, kuma ba ta da kuɗin da za ta yi gogayya da Madrid ko Barcelona ko Athletic Bilbao. Abin da O'Connell ya yi shi ne gina ƙungiyar daga baya, da 'yan wasa da dama daga yankin Basque, cikinsu har da mai tsaron gida Urquiaga, da masu tsaron baya Areso da Aedo, da kuma Lecue da Unamuno a gaba.

A kakar 1934 zuwa 1935, Betis ta buga wasanni 22, ta ci 15, ta yi canjaras a huɗu, aka doke ta a uku. Ƙwallaye 19 kacal aka zura mata a raga.

Ranar ƙarshe, 28 ga watan Afrilun 1935, ta kai O'Connell gidansa na da, wato Santander. Betis na bukatar nasara domin Madrid na biye da ita a ƙafa. Ta ci Racing biyar da nema, Unamuno ya zura uku, ta kuma ɗauki kofin da maki 34, Madrid na da 33. Labarin ya iske mutanen Sevilla suna tsakiyar bikin shekara-shekara da suke yi a watan Afrilu.

Murnar ba ta daɗe ba. Rashin kuɗi ya tilasta wa Betis sayar da manyan 'yan wasanta, Lecue ya tafi Madrid, shi kuma O'Connell ya amsa kiran Barcelona, Areso ya bi shi. Tun daga wancan lokaci Betis ba ta sake lashe La Liga ba.

Barcelona da yaƙin basasa

A kakarsa ta farko O'Connell ya ci wa Barcelona gasar yankin Kataloniya, ya kuma kai ta wasan ƙarshe na cin kofin Spaniya. A wannan wasa da aka buga a Valencia a watan Yunin 1936, Madrid ta yi nasara da ci 2 da 1, bayan da shahararren mai tsaron gidanta Ricardo Zamora ya tare wata ƙwallo da Josep Escolà ya buga ana dab da tashi.

Wata ɗaya bayan haka wasu hafsoshin soja, cikinsu har da Janar Francisco Franco, suka yi wa gwamnatin jamhuriya tawaye, ƙasar ta faɗa yaƙin basasa. O'Connell na hutu a Ireland a lokacin, kuma babu wanda zai zarge shi in da ya yi zamansa. Amma ya koma bakin aikinsa.

A ranar 6 ga watan Agustan 1936 sojojin ɓangaren Franco suka kama shugaban Barcelona, Josep Sunyol, wanda ɗan majalisa ne mai rajin kare 'yancin Kataloniya, suka harbe shi a tsaunukan Guadarrama kusa da Madrid.

An dakatar da La Liga, 'yan kallo suka ragu, masu biyan kuɗin zama 'ya'yan ƙungiya suka ja baya, bashi ya taru. Ma'aikatan Barcelona sun kafa kwamitin riƙo domin kada ƙungiyoyin ƙwadago masu ɗauke da makamai su ƙwace kadarorinta. A cikin wannan hali O'Connell ya ci gaba da horarwa, har ya lashe wata gasa da ƙungiyoyin Kataloniya da na Valencia suka shirya a tsakaninsu a 1937.

A wannan shekara ne wani ɗan kasuwa mazaunin Meksiko mai suna Manuel Mas Soriano ya yi wa Barcelona tayin dala dubu 15 domin ta je can ta buga wasannin sada zumunta. Gwamnatin Shugaba Lázaro Cárdenas ta Meksiko na goyon bayan ɓangaren jamhuriya, don haka an tarbi 'yan wasan tamkar jakadu.

'Yan wasa 16 ne suka yi tafiyar, tare da O'Connell, da sakataren ƙungiya Rossend Calvet, da likita, da kuma Ángel Mur, wani ma'aikacin filin wasa da O'Connell ya mayar mai yi wa 'yan wasa tausa. Mur ya riƙe wannan aiki har zuwa 1973, ɗansa ya gaje shi.

Sun kara da manyan ƙungiyoyin Meksiko irin su América da Atlante da Necaxa, daga nan suka wuce birnin New York na Amurka suka buga wasu wasannin. Tafiyar ta samar da riba, kuma Calvet ya ajiye kuɗin a wani banki a birnin Paris domin kada wani ɓangare na masu yaƙin ya ƙwace su. Da waɗannan kuɗi ne Barcelona ta biya basussukanta, ta kuma samu abin sake tsayawa da ƙafafunta.

Sai dai ƙungiyar ta yi asarar 'yan wasanta. Huɗu ne kawai suka komo gida tare da O'Connell. Wasu sun tsaya a Faransa, wasu kuma suka zauna a Meksiko, kamar Martí Ventolrà, wanda ɗansa José ya buga wa Meksiko gasar cin kofin duniya ta 1970.

Wannan tafiya ce ta sa ake yi wa O'Connell laƙabi da mutumin da ya ceci Barcelona. Gaskiyar magana ita ce aikin na mutane da yawa ne, musamman Calvet da ya kula da kuɗin. Abin da ba a jayayya a kai shi ne cewa baƙon da ke da hanyar tsira ya koma cikin garin da ake yi wa ruwan bama-bamai har sau biyu, ya kuma sake haɗa wata tawagar da matasa.

A watan Maris na 1938 bam ɗin jiragen yaƙin Italiya ya faɗa kan ofishin ƙungiyar. A watan Janairun 1939 birnin Barcelona ya faɗa hannun Franco, kuma sabuwar gwamnati ta sauya wa ƙungiyar suna da tambari, ta ɗora mata shugabannin da take so. O'Connell ya bar ta a 1940.

Shekarun ƙarshe

Ya koma Betis, wadda ta faɗa rukuni na biyu, ya maido ta na ɗaya a 1942. Daga nan ya tsallaka zuwa babbar abokiyar hamayyarta Sevilla, ya kai ta matsayi na biyu a La Liga a kakar 1942 zuwa 1943. Shekara ɗaya bayan ya bar ta, Sevilla ta lashe gasar a 1946, karo ɗaya tilo a tarihinta. A ƙarshen shekarun 1940 ya sake komawa Racing Santander, inda ya faro.

A Spaniya O'Connell ya auri wata mata 'yar Ireland alhali auren farko na nan bai mutu ba, abin da dokar ƙasa da ta cocinsa suka haramta. Ya ɓoye wa kowace labarin ɗayar. Zuriyarsa ta ba da labarin cewa da ɗaya daga cikin 'ya'yansa ya bi sawunsa har Sevilla bayan shekaru masu yawa, uban ya gabatar da shi ga mutane ne a matsayin ɗan ɗan'uwansa.

A shekarun 1950 aiki ya ƙare masa, ya koma Landan ya raɓe a gidan wani ɗan'uwansa kusa da tashar jirgin ƙasa ta St Pancras, yana rayuwa da tallafin da gwamnati ke bai wa marasa galihu. A nan cutar sanyin haƙarƙari ta kama shi ta yi ajalinsa. An binne shi a maƙabartar 'yan Katolika ta St Mary da ke Kensal Green.

Tunawa da shi

Sai a 2014 ne wasu masu sha'awar ƙwallon ƙafa tare da jikokinsa suka kafa gidauniya domin gyara kabarinsa. Tsofaffin taurari irin su Johan Cruyff da Franz Beckenbauer sun mara wa yunƙurin baya.

A 2015 aka zana hotonsa a jikin bango a birnin Belfast, aka kuma maƙala allon tunawa a gidan da ya zauna a Dublin. A watan Disambar wannan shekara Barcelona ta karrama shi a filin Camp Nou, a ranar da ta karɓi baƙuncin Betis.

A 2016 aka kafa dutse mai ɗauke da sunansa a kan kabarin, shekaru 57 bayan mutuwarsa. Ita ma Betis ta ajiye mutum-mutuminsa a filin wasanta a 2017, kuma a 2018 aka fitar da wani fim na tarihin rayuwarsa mai suna Don Patricio.

Jikokin da suka jagoranci wannan aiki sun fito ne daga tsatson matar da ya bari a Manchester da 'ya'ya huɗu a 1922.